Ƙofar Gonar Badaru Mai Kwaɗo

A layin 'yan ƙarfe na Kasuwar Kilomita Biyar a birnin Bangui akwai wani mutum da ake kira Badaru Mai Kwaɗo. Sana'arsa sayar da kwaɗon ƙofa da makullai da sakata, kuma ya daɗe a kanta har ya kai ga yarda cewa duk abin da ake buɗewa ko ake rufewa a duniya, shi ne malaminsa. Bai taɓa riƙe zarto ba. Guduma kuwa, idan ka gan ta a hannunsa, to mai saye yake miƙa wa. Duk da haka, idan aka zauna hira ana zancen gini ko gyaran mota ko haƙar rijiya, ba a tashi sai Badaru ya bayyana inda masu aikin suka yi kuskure.

A shekarar da wannan abu ya faru, ya sayi wata gona a hanyar Boali, can gaba da Kilomita Goma Sha Biyu. Bai saye ta don noma ba, ya saye ta ne don a riƙa cewa yana da gona. Tana da shinge mai ƙarfi na itace da ƙaya wanda mai ita na farko ya yi, sai dai mashigarta a buɗe take, kuma faɗinta ya isa babbar mota ta wuce, domin a dā gawayi ake lodi a wurin.

Wata rana da la'asar, Babbar Sallah tana sauran 'yan watanni, dattawan layi suna zaune a gaban depon Alhaji Abdulmuɗallib, dillalin gishiri da kanwa, wanda kuma yayan Hureira ne, matar Badaru. Zancen da aka saba yi kowace shekara shi ake yi: rago yanzu yana da sauƙi, amma idan Sallah ta matso sai farashinsa ya haukace, kuma ba mai iya saye tun yanzu, domin gidajen unguwar ko akuya ba ta samun wurin juyawa, balle ciyawa. Badaru ya bari kowa ya gama kukansa, sannan ya gyara hula ya ce shi bai ga abin damuwa ba. Kowa ya sayi ragonsa a wannan makon, a kai gonarsa. Ciyawa tana nan har ƙugu, rafi yana kusa, akwai tsoho mai gadi. Ranar Arfa a ɗauki mota a je a kwaso su sun yi ƙiba.

Abdulmuɗallib ya ce, "Ƙofar fa? Na ji an ce gonar taka bakinta a hangame yake."

Badaru ya dube shi da tausayi. "Yaya, ni ake tambaya zancen ƙofa?"

Wannan amsa ta gamsar da majalisa, kuma a nan ya kamata a faɗi gaskiya game da mu mutanen Kilomita Biyar. Kowanenmu yana iya duban rago daga nesa ya faɗi kuɗinsa, ya taɓa gindin wutsiyarsa ya faɗi nauyinsa. Amma ka tambaye mu abin da rago yake yi tsakanin azahar da magariba, sai mu dubi juna. Kakanninmu sun yi kiwo, mu kuwa ciniki kaɗai muka gada. Saboda haka kafin mako ya ƙare, kusan kowane gida a layin ya sayi rago ya ɗaure a ƙofa yana jiran Badaru.

Cikin masu saye har da Inno, wata tsohuwa mai suyar makala, wato fanke, a bakin layi. Tun da mijinta ya rasu ba ta taɓa fashin layya ba, kuma shekara guda take yi tana tanadin ragonta daga bakin kasko. Na bana fari ne tas, da baƙin kunne ɗaya. Ita da kanta ta jawo shi har gaban shagon Badaru, ta tsaya ba ta saki igiyar ba.

"Badaru, na san ka tun kana yawo ba wando," in ji ta. "Wannan shi ne layyata, ba ni da wani. Idan bai dawo ba, ranar Sallah a ƙofar gidanka zan zauna da wuƙata da kaskona, duk wanda ya wuce in gaya masa abin da nake jira."

Badaru ya yi dariya, ya rantse mata cewa ragon zai dawo har sai ta kasa gane shi. Ta ce ita ganewar take so. Sannan ta miƙa masa igiyar.

Washegari ya je wurin mai walda don jin kuɗin ƙofar ƙarfe mai wannan faɗi. Abin da mutumin ya faɗa ya sa Badaru ya nemi kujera. Ya je wurin kafinta, shi ma ya faɗi nasa. Badaru ya dawo majalisa ya sanar cewa masu sana'a sun haɗa baki suna cutar jama'a, kuma shi zai nuna wa duk Bangui yadda ake yin ƙofa mai faɗi ba tare da an kashe abin kirki ba. Katako kuwa ya riga ya san inda zai samu. A bayan depon Abdulmuɗallib akwai tarin tsofaffin katakai, irin waɗanda ake shimfiɗawa a jera buhuna a kansu don kada su taɓa ƙasa. Shekara da shekaru buhunan gishiri da na kanwa suna zaune a kansu, suna tsatsa a lokacin damina, suna bushewa a lokacin rani, har katakon ya yi nauyi ya yi wani farin ɓawo. Abdulmuɗallib, wanda ya daɗe yana neman wanda zai raba shi da su, ya ce ya kwashe duka, har da tsofaffin igiyoyin da ake ɗaure lodi da su.

Badaru ya ɗaga katako ɗaya ya nuna wa jama'a farin da ke jikinsa, ya ce wannan shi ne sirrin. Itacen da ya sha gishiri, gara ba ta cin sa, ruwa ba ya ruɓar da shi. Majalisa ta jinjina kai. Wani dattijo mai sayar da wayoyi ya ce shi ma ya taɓa jin haka. A cikin mutanen da ke zaune a wurin har da waɗanda suka yi karatu mai zurfi da waɗanda suka je Makka ba sau ɗaya ba, amma babu wanda tunaninsa ya wuce gara.

Da yake tsakar gidansa ba za ta ɗauki aikin ba, sai Badaru ya shimfiɗa katakan a tsakiyar layi. Ranar farko ya toshe hanya gaba ɗaya. Masu moto, wato 'yan acaɓa, suka riƙa taruwa a bakin layi suna danna oda suna zaginsa da Sango, yaren garin, shi kuma yana amsa musu da cewa su zagaya ta unguwar Kokoro, aikin al'umma ake yi. Matan da ke dawowa daga kasuwa da kwanduna a ka suka riƙa tsallake ƙofar gonar tun ba a gama ta ba. Ƙusar farko da ya buga ta lanƙwashe, ta biyu ta yi tsalle ta faɗa cikin kaskon Inno, ta uku kuwa ta shiga daidai, sai dai ta haɗa da gefen rigarsa. Bai lura ba sai da aka kira sallah ya yunƙura zai tashi, ƙofa ta mayar da shi zaune.

Hureira ta leƙo daga zaure ta tarar da shi yana kokawa da rigar. Ta tsaya ta kalle shi sosai kafin ta yi magana.

"Malam, in kawo maka abincin nan, ko za a kai ka gonar tare da ita?"

"Ki kawo almakashi."

"Rigar da na wanke jiya?"

"Hureira, babban aiki ba ya rasa ɗan abin da zai ci."

Ta kawo almakashin, ta yanke shi daga jikin ƙofar da hannunta, ta bar tsumman yana lilo a jikin ƙusa. Badaru ya ce a bar shi, alama ce ta mai aiki.

Kwanaki aka yi ana wannan fama. Babban yatsansa ya kumbura ya yi baƙi. Ya ari bencin maƙwabci don ya ɗora katako ya yanka, ya yanka katakon har da bencin. Da aka gama aka tayar da ƙyauren biyu aka jingina da bango, sai aka ga ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kusan kamu guda, kuma dukansu sun karkata gefe kamar masu ciwon wuya. Badaru ya ce da gangan ya yi, ƙasar gonar tana da gangara. Abdulmuɗallib ya tambaye shi ta wane ɓangare gangarar take. Badaru ya ce wannan sai an je can za a gani.

Fitar da ƙyauren daga unguwa shi ma ya zama abin kallo. Aka ɗora su a kwance kan pusu, kurar hannu, aka bi ta gefen kasuwa domin a kai su inda wata motar gawayi da za ta koma fanko take jira. Faɗinsu ya fi hanyar. Suka sharo zannuwan da wani ɗan tireda ya rataye, suka tuntsurar da tiren mai gyaɗa, suka ɗauke laimar mai cajin waya suka tafi da ita. Badaru yana gaba yana ba mutane haƙuri da murya irin ta wanda ke karɓar godiya. A bayan pusun kuwa wata akuya ta biyo su, can sai ga ta biyu, kafin a kai bakin titi sun zama ayari, kowace tana miƙa wuya tana neman kai bakinta jikin katakon. Mai tura pusun ya yi ta korarsu da ƙafa. Badaru ya ce a ƙyale su, dabba tana gane mai gona.

A gonar aka kafa ginshiƙai biyu. Tsohon mai gadin, wanda ba ya jin Hausa, ya tambaya da Sango ina ƙarafan da za a rataye ƙyauren da su. Badaru ya ce ƙarfe ɓarnar kuɗi ne kuma yana tsatsa. Kakanni da igiya suke rataye ƙyaure, kuma ba a taɓa jin sun yi kuka ba. Ya fito da igiyoyin depo, waɗanda suka yi tauri saboda gishiri, ya naɗa su sama da ƙasa ya ƙulle. Da aka saki, ƙyauren suka sunkuya suka kafa baki a ƙasa. Sai da mutum uku suka haɗu suka ɗaga kafin ɗaya ya motsa. Badaru ya ce wannan ma tsaro ne, domin ɓarawo sai ya zo da abokai biyu, kuma sirrin mutum uku ba ya ɓoyuwa.

Daga nan ya buɗe jakarsa ya fito da abin da ya fi alfahari da shi, wani ƙaton kwaɗo mai ruwan zinariya wanda ya daɗe a shago ba a saya ba saboda tsada. Ya haɗa ƙyauren biyu da sarƙa a tsakiya ya datse. Ya sa mai gadi ya ɗauke shi hoto yana dafe da kwaɗon, ya tura wa duk wanda yake da lambarsa. Kashegari aka kai raguna, aka tura su ciki, aka rufe. Ya gargaɗi mai gadin cewa kada ya kuskura ya taɓa ƙofar ko ya gyara wani abu a jikinta. Idan zai shiga, ga wata 'yar kafa can a bayan shinge.

Damina ta sauka sosai. Ruwa ya jiƙa katakon, rana ta fito ta busar, farin gishiri ya taso ya rufe ƙyauren har suna walƙiya. Ba a daɗe ba mai gadi ya kira ya ce, patron, wato maigida, ragunan nan ba sa barin bakin ƙofa, daga sun ci ciyawa sun sha ruwa sai su dawo su jeru a jikinta. Badaru ya kai wannan labari majalisa da zafinsa, ya ce ragunan ma sun san inda tsaronsu yake. Bayan kwana biyu mai gadin ya sake kira ya ce yanzu har awakin ƙauye suna zuwa, kuma shanun wasu Fulani da ke mashaya a rafin sun canza hanya. Badaru ya ce wa majalisa ƙofar ta zama abin zuwa kallo a yankin.

Sau ɗaya ya je da kansa. Ya tarar katakon ya yi sumul yana sheƙi, kusurwoyinsa sun zama zagaye, wasu wuraren ma sun yi siriri har ana hango ciki. Ya shafa da tafin hannu ya ce ko kafintan da ya yi shekaru yana goge katako ba zai fitar da irin wannan laushi ba. A ranar ne mai gadi ya miƙa masa wata ƙwarya cike da kindirmo, ya ce wani makiyayi mai suna Idrisu ne ya kawo, ya ce a ba mai ƙofa tare da godiya mai yawa. Badaru bai tambayi godiyar mece ce ba, domin a ganinsa mutum irinsa ba ya rasa dalilin da za a gode masa. Ya kawo kindirmon gida aka dama fura, ya raba wa majalisa, ya ce mutanen daji sun fi na gari sanin darajar manya.

Inno kaɗai ce ba ta sha furar ba. Duk safiya idan ya zo wucewa sai ta tambaye shi lafiyar mai baƙin kunne, shi kuma ya ce yana nan yana gaishe ta.

Ranar Arfa da hantsi aka ɗauki hayar babbar mota. Masu raguna suka hau baya, yawancinsu da azumi a baki, sanye da fararen kaya kamar masu zuwa ɗaurin aure. Inno ta ce ƙafarta ƙafar ragonta, aka ba ta gaba kusa da direba, Badaru kuma ya zauna a gefen taga cikin sabuwar babbar riga, makullin kwaɗon yana rataye a wuyansa. Tun daga Kilomita Biyar yake bayyana yadda za a yi: mota za ta tsaya, shi zai sauka ya buɗe kwaɗo, a wangale ƙyaure, mota ta shiga har tsakiyar gona ba tare da ta goga ko'ina ba. Don wannan lokaci aka yi faɗin.

Da suka karya kwanar ƙarshe, direba ya taka birki. Ba a ganin ƙofa. Abin da ake gani shi ne bayan shanu, jajaye masu dogayen ƙahoni, sun cika hanya sun yi cincirindo, kowace ta tura kai gaba. Tsakanin ƙafafunsu awaki suna kutsawa. Ta saman ƙahonin ana hango gefen ƙyauren yana rawa a hankali, yana zuwa gaba yana komawa baya. Abin da ba wanda ya sani a lokacin shi ne, igiyoyin nan an daɗe da cinye su. Babu abin da ke riƙe da ƙofar sai shanu da ke turawa daga waje da raguna da ke turawa daga ciki.

Direba ya ce a sauka a kora su a hankali. Badaru ya ce babu buƙata, dabba oda take ji. Kafin direban ya hana shi, ya miƙa hannu ta gaban Inno ya danna odar motar, ya kuma riƙe.

Shanu suka watse lokaci guda. Ƙofa ta tsaya ita kaɗai na ɗan lokaci, kamar tana tunani, sannan ta kwanta gaba ɗaya ta waje, ƙyaure biyu a haɗe, ta daki ƙasa ta tayar da laka har gilashin mota. Ragunan layin gaba ɗaya, waɗanda odar ta firgita, suka bi ta kanta a guje suka bazu cikin dogayen ciyayi a bayan shanun.

Inno ta goge lakar da ta fantsamo mata ta taga, ta juya ta dubi Badaru.

"To, ta buɗu," in ji ta. "Sai a shiga da motar."

Abin da ya biyo baya ba abin da mutanen layin suke so a riƙa tunawa ba ne. Dattawa masu azumi, waɗanda rabonsu da gudu tun suna samari, suka tattare riguna suka faɗa cikin ciyawa, kowa yana kiran ragonsa da sunan da rago bai san an sa masa ba. Mai sayar da wayoyi ya kama wani ya rungume, da aka duba sai aka ga bunsurun mutanen ƙauye ne. Abdulmuɗallib ya zame ya zauna cikin kashin shanu. Wani ya rasa takalmi, wani ya rasa hula, babu wanda ya kama ko rago ɗaya. Badaru kuwa ya tsaya a kan ƙofarsa da ke kwance, ya sunkuya ya ɗaga sarƙar, ya kira waɗanda ke kusa su zo su shaida cewa kwaɗon yana nan a datse, ko motsi bai yi ba.

Ana cikin haka sai ga wani dogon Bafulatani da sanda a kafaɗa ya fito daga wajen rafi. Ya yi sallama, ya tambayi wane ne mai ƙofa. Aka nuna masa Badaru da hannuwa da yawa. Mutumin ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce shi ne Idrisu wanda ya aiko da kindirmo.

"Alhaji, Allah ya saka da alheri. Mun daɗe a wannan daji, ba mu taɓa ganin wanda ya kafa wa dabbobin mutane gishiri da kanwa a bakin hanya kyauta ba. Shanuna har sun canza gashi. Idan za ka kawo wata, a ɗan rage mata tsawo, maruƙa ba sa kaiwa sama."

Abdulmuɗallib ya dubi katakon, ya dubi Idrisu, ya sake duban katakon. Ya dangwala yatsa a jiki ya ɗaga zai kai baki, sai ya tuna yana azumi, ya tsaya da yatsa a sama. Duk wanda ke wurin haka ya tsaya, ba mai ikon tabbatarwa. Inno, wadda tsufa da magani suka ɗauke wa azumi, ta sauko daga mota a hankali, ta ɓalli ɗan tsinke daga ƙyauren ta ɗora a harshe. Ta ce wannan ya isa miyar gidan biki.

Abin da ya ceci yawancin ragunan shi ne abin da ya jawo masifar. Da ƙura ta lafa, sai ga su suna fitowa daga ciyawa ɗaya bayan ɗaya, suna komawa kan ƙofar suna ci gaba da lasa daga inda suka tsaya. Aka riƙa kama su a nan ana jefawa mota. Kuma gaskiya ne sun yi ƙiba, domin gishirin ya buɗe musu ciki. Kowa ya gane nasa ya yi hamdala. Aka duba, aka sake dubawa, babu fari mai baƙin kunne. Idrisu ya ce ya ga wani irinsa ya bi garken zuwa ƙetaren rafi.

Inno ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wa direba ya kashe mota, domin ba inda za a je. Sannan ta nuna wani dogon katako a jikin ƙyauren, ta ce wa Badaru ya ɓalle shi ya ɗauka ya je ya kira mata ragonta da yaren da ya koya masa. Badaru ya fara bayanin cewa akwai wata dabara da ta fi wannan. Ta tambaye shi ko ya fi son ta fara zaman ƙofar gidansa tun yau. Ya ɓalle katakon.

Haka ya gangara rafi da katako a kafaɗa, babbar riga tana jan laka. Jama'a suka hau bayan mota suna hange. An daɗe ba a ga komai ba, sai kan katakon da ke tafiya a saman ciyawa. Can sai ya juyo. Da ya fito fili, sai aka ga ba shi kaɗai ba ne. Garken Idrisu gaba ɗaya yana biye da shi, awakin ƙauye suna gefe, matan ƙauyen sun fito bakin hanya suna riƙe da ciki don dariya. Wata saniya tana lasar katakon ta baya, wata ta fi son ƙeyarsa, inda gumi ya haɗu da gishiri, har ta ture masa hula. Ba shi da halin gudu, domin ƙahoni sun kewaye shi dama da hagu, sai tafiya yake a hankali, ido a gaba, baki yana motsi da duk addu'ar da ya haddace. A ƙarshen ayarin, riƙe da gefen sabuwar rigar a baki yana taunawa, ga fari mai baƙin kunne.

Inno ta kama ragonta, ta duba kunnen, ta duba ƙafafu huɗu, ta ɗaura masa igiya da hannunta. Badaru ya jefa katakon cikin mota don shanun su rabu da shi, ya hau baya ya zauna cikin raguna, domin Inno ta ce gaba ta cika. Sauran ƙofar, ban da sarƙar da kwaɗonta da suka zare lokacin da aka ɓalle katakon, aka bar wa Idrisu, wanda ya yi ta godiya har mota ta ɓace.

Ranar Sallah da yamma, layi ya cika da ƙamshin suya. 'Yan majalisa suka zo gaisuwa gidan Badaru, suka tarar da shi a zaure, katakon nan yana jingine da bango, kwaɗon kuma yana kan tabarma a gabansa, har yanzu a datse. Yana cikin bayyana musu cewa duk wanda ya duba lamarin da idon basira zai ga ba a rasa ko rago ɗaya ba, kuma kwaɗo bai ba da kunya ba, sai ga Inno ta yi sallama da kwano a hannu. Ta ajiye a gabansa ta buɗe. Soyayyen nama ne, mai kyau, har da hanta.

"Ga rabonka daga mai baƙin kunne," in ji ta. "Ban sa gishiri ba. Na san kana da shi a gida."

Ta juya ta fita. Badaru ya ɗauki tsoka ɗaya ya tauna, ya ji da gaske take, lami ne. Daga cikin gida aka ji Hureira tana tari irin na wadda dariya ta sarƙe. Abdulmuɗallib ya miƙa hannu ya ɗauki tasa tsokar, ya jawo katakon, ya juya shi ta gefen da harshen shanu bai kai ba, ya goga naman sau biyu ya kai baki. Ya tauna a hankali, ya gyaɗa kai, ya tura wa na kusa da shi katakon.

Badaru ya bi katakon da ido yana zagaya zauren daga hannu zuwa hannu. Da ya iso gabansa, ya gyara zama, ya goga tasa tsokar.

"Tun farko na gaya muku," in ji shi, "irin wannan katako ba a samun sa a wurin kafinta."